Bayan Labule: Yadda Aka Shirya Wasannin Talabijin Na Da, Da Abin Da Ya Rage Mu Ceto

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban Kankia da Kusada)

 



Gabatarwa

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya ba mu damar zaɓen abin da za mu yi magana a kai, muka ce muna so mu tattauna a kan wasannin kwaikwayo na talabijin na da, mun lura wasu sun yi murmushi. Muna kyautata zaton abin da ke ransu shi ne, me ya haɗa ƙungiyar da ke fama da batun rijiyar burtsatse da rufin ajujuwa da zancen Samanja da Kasagi? Tambaya ce mai kyau, kuma muna roƙon a yi mana haƙuri har ƙarshen jawabin. Za mu fara ne da leƙa bayan labule, mu ga irin aikin da ake yi kafin hoto ya fito a akwati, sa'an nan mu faɗi abin da ya sami wannan aiki, daga nan mu kawo roƙonmu.

Yadda akwatin ya iso mana

Gidan talabijin na farko a ƙasar nan an buɗe shi ne a Ibadan a ranar 31 ga Oktoba, 1959. A nan Arewa kuwa, gwamnatin Sardauna ta buɗe nata a Kaduna a 1962, wanda aka sani da RKTV. Hoto a wancan lokaci baƙi da fari ne, sai a tsakiyar shekarun 1970 gidan talabijin na Jos ya fara nuna mai launi. A 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. Bayan dawowar mulkin farar hula jihohi suka sake kafa nasu, kamar CTV ta Kano da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV. Mu a lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, domin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai a watan Satumba na 1987.

Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna yadda kallo yake a garuruwanmu. Akwati ɗaya ne ko biyu a unguwa, a gidan wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa. A fito da shi ƙofar gida bayan sallar isha'i, a ɗora a kan tebur, a jona da batirin mota, a ɗaure eriya a kan doguwar gora. In hoto ya fara rawa sai a tura yaro ya riƙa juya gorar, jama'a na yi masa ihu daga nesa har hoto ya tsaya. Yara a gaba a kan ƙasa, manya a baya a kan benci. Mutanen Kafinsoli da Rimaye da Yashe da Mawashi da suka kwana a gari sukan koma gida da labarin abin da suka gani, su yi ta maimaita shi har mako ya zagayo. Babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar yadda aka yi wasan ya shiga cikin akwatin.

Su wane ne 'yan wasan?

Abu na farko da ya kamata matasanmu su sani shi ne, yawancin mutanen nan da muke kallo suna da wani aikin da suke ci da iyalinsu da shi. Akwai malaman makaranta, akwai akawuna, akwai ma'aikatan gidan rediyo da na hukumomin al'adu. Sai an tashi daga aiki suke haɗuwa su yi gwaji.

Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, kuma zaman bariki da ya yi shi ya ba shi wannan Hausar tasa ta sojoji mai gauraye da Turancin buroka, wadda ta sa har waɗanda ba Hausawa ba suke bibiyar shirin. Wasan ya fara ne a rediyo a Kaduna kafin ya koma talabijin. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2023. Marigayi Kasimu Yero, mutumin Zariya, ya yi fice a shirin Karambana, ya kuma fito a Magana Jari Ce, ya rasu a 2017. A Jos akwai marigayi Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara. A Kano akwai shirin Kuliya, a Sakkwato akwai Idon Matambayi. Mu kuma Katsinawa muna alfahari da namu, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, wanda ya haɗa fitowa a wasa da rubutu. Shi ya rubuta littafin wasan kwaikwayo na Kulɓa Na Ɓarna, wanda ɗalibai da yawa suka karanta a makaranta, daga baya kuma aka mayar da shi fim.

Bugu da ƙari, hannun malamin makaranta yana cikin wannan sana'a tun daga tushenta. Abubakar Tunau da ya rubuta Wasan Marafa da Shu'aibu Maƙarfi da ya rubuta Jatau Na Kyallu duk sun fito ne daga fagen ilimi. Abubakar Imam, wanda aka mayar da littafinsa Magana Jari Ce zuwa wasan talabijin a Kaduna a shekarun 1980, a nan Katsina ya yi karatu, a nan kuma ya koyar. Kafin su duka, al'ummarmu ta san tashe da wasan gauta da kalankuwa, inda matasa ke kwaikwayon sarki da alƙali da ɗan doka a gaban sarkin da kansa, a yi dariya, a kuma ɗauki darasi. Talabijin ta zo ne ta tarar da jama'a sun iya kwaikwayo.

Ranar ɗauka

A shekararmu ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, malamin da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ya kai mu ziyara wani gidan talabijin, muka yi sa'a ranar ana ɗaukar wasa. Abin da muka gani ya rushe duk abin da muke zato.

Fadar da muke gani a akwati muna tsammanin ginin ƙasa ce mai soro, ashe falankin katako ne aka tsayar aka shafa masa fenti, aka tokare shi ta baya. In ka jingina da ƙarfi sai bangon ya motsa. A kusurwa guda fada, a wata kusurwar ɗakin matar aure, a wata kuma shagon mai tireda, duk a cikin zaure ɗaya. Tabarmi da ƙwarya da tulu da turmi da buta, wasu na gidan ne, wasu 'yan wasa suka zo da su daga gidajensu. Babbar rigar da mai fitowa a matsayin attajiri ya sa, ya gaya mana da bakinsa cewa aro ya yi wajen surukinsa, kuma da sharaɗin ya mayar kafin Juma'a.

A sama an rataye manyan fitilu masu zafi kamar garwashi. Kafin a yi rabin sa'a mai rawani ya jiƙe sharkaf da gumi, ana tsayawa ana share masa fuska. Na'urorin ɗaukar hoto manya ne, kowace a kan ƙafafu masu taya, da kebul mai kauri yana jan ƙasa, har akwai wanda aikinsa kawai ya riƙa janye kebul ɗin kada wani ya yi tuntuɓe. Wani kuma yana riƙe da doguwar sanda mai makirfo a bakinta, yana bin duk wanda zai yi magana, kuma dole ya kiyaye kada sandar ko inuwarta ta shiga hoto. Mai ba da umarni ba ya cikin zauren. Yana wani ɗaki a gaban ƙananan akwatuna, kowane yana nuna abin da na'ura ɗaya ke gani, yana zaɓar wanda za a naɗa a daidai lokacin da ake wasan. Umarninsa yana isa ta abin sawa a kunne zuwa ga mai kula da zaure, shi kuma ya isar wa 'yan wasa da alamar hannu, domin ba a yarda kowa ya yi ko tari ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki, mu da muka saba da haddace layi a makaranta, shi ne ba mu ga kowa da cikakken rubutun wasa ba. Takarda ce 'yar shafi biyu ko uku a hannun mai shiryawa, an rubuta gundarin labari da jerin fitowa: wane zai shigo ya tarar da wane, za su yi jayayya a kan bashi, sai maigari ya aiko a kira su. Maganar da za a faɗa kuwa, daga kan ɗan wasa take fitowa. Haka aka shirya da yawa daga cikin wasannin Hausa na wancan zamani. Wannan ne ya sa Hausarsu take da daɗi a kunne, karin magana da habaici da ba'a suna zuwa a inda ya dace, domin mutum yana magana ne yadda ya tashi ya ji ana yi a gidansu. Amma kada a ɗauka abin wasa ne. Sun yi gwajin fitowa ɗaya sau huɗu a gabanmu kafin a kunna na'ura, kowa ya san inda zai tsaya da inda zai juya da kalmar da in ya ji ta zai shigo.

Dalilin wannan tsanani shi ne wahalar gyara. A yau yaro yakan yanke hoto ya liƙa a wayarsa cikin minti ɗaya. A wancan lokaci tef ɗin farko mai faɗin inci 2 sai an sa reza an yanka shi an manne. Da kaset ɗin U-matic na kamfanin Sony ya zo, wanda ya fito a 1971, sai a riƙa kwafa daga wata na'ura zuwa wata bi da bi, in an yi kuskure a tsakiya sai a sake daga wurin. Saboda haka an fi son a ɗauki fitowa daga farko har ƙarshe ba tsayawa. In mutum ɗaya ya yi dariya a inda bai kamata ba, kowa ya koma farko. A gabanmu wuta ta ɗauke ana dab da kammala wata doguwar fitowa, aka jira janareta, aka sake daga farko, babu wanda ya yi gunaguni.

Fita ɗauka a waje kuwa ya fi haka wuya. Mai na'ura yana gaba, wani yana biye da shi da akwatin naɗi rataye a kafaɗa, kebul ya haɗa su kamar raƙumi da akala. Ƙaramin kaset ɗin da ake fita da shi minti 20 kawai yake ɗauka, batir kuma ba ya jimawa. Ga yara sun kewaye wuri, ga zakara ya yi cara a tsakiyar magana, ga rana tana sauya haske. Duk da haka an yi manyan ayyuka a waje. Shirin nan na Turanci, Cockcrow at Dawn, wanda aka fara a 1980 da tallafin bankin UBA domin jawo hankalin jama'a ga noman zamani, a gonaki da ƙauyukan kewayen Jos aka ɗauke shi, Kasimu Yero da marigayi Sadiq Daba suna cikinsa.

Kada kuma mu manta da matan da suka fito a waɗannan wasanni. A zamanin da fitowar mace a akwati abin surutu ne a unguwa, sun jure, suka fito a matsayin iyaye da kishiyoyi da 'yan talla, kuma ta bakinsu aka isar da saƙonni masu yawa a kan auren dole da awon ciki da karatun 'ya'ya mata. Daga irin waɗannan ƙungiyoyin wasa ne masana'antar finafinan Hausa ta tsiro, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990.

Ina aikin ya tafi?

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Duk wannan gumi da muka bayyana a kan tef yake zaune, tef kuwa daga waje ake sayo shi da tsada. In an nuna shiri, kuma ana bukatar kaset don labarai ko wani sabon wasa, sai a ɗauko tsohon a naɗi sabo a kansa. Tun da babu cikakken rubutu, in an goge kaset an goge wasan ke nan har abada. Waɗanda suka tsira daga gogewa kuma sun haɗu da zafi da ƙura da laima, tef ya manne ko ya yi funfuna, na'urar da za ta karanta shi ta lalace babu kayan gyara.

Mun ɗanɗana wannan da kanmu. Muna shugaban makarantar firamare, wani gidan talabijin ya ɗauki wasan da ɗalibanmu suka yi a kan illar cire yarinya daga makaranta, aka nuna a shirin yara, gari ya ɗauka. Bayan shekaru, yarinyar da ta ja wasan ta rasu wajen haihuwa, mahaifinta ya zo har gida ya roƙe mu mu samo masa kaset ɗin ko ya sake jin muryarta. Muka yi takakkiya muka je. Ma'aikacin da muka samu ya karɓe mu da mutunci, ya duba rajista, ya ce an daɗe da naɗar wani abu a kai. Dawowar da muka yi hannu rabbana zuwa wajen wannan dattijo tana cikin abubuwan da ba mu manta ba a rayuwar aikinmu.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. Gidan BBC na Ingila, da duk arzikinsa, ya goge ɗimbin shirye-shiryensa na shekarun 1960 da 1970. Sanannen wasansu Doctor Who har yau akwai kashi fiye da 90 da ba a gano ba. Amma ku ji abin mamaki. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ke yawo ƙasashe yana neman tsofaffin shirye-shirye, ya gano kashi 9 daga cikin waɗanda suka ɓata, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. Kwafi ne da aka aiko ƙasar nan shekaru da dama da suka wuce, aka manta da shi a kan kanta. Mutum ya taso tun daga Ingila ya zo Jos neman nasu. To namu fa, wa ya fita nemansa?

Roƙonmu ga ƙungiya

A nan ne amsar tambayar farko take. Da yawa daga cikinku da kuka yi aiki a birane a shekarun 1980 da 1990 kun sayi bidiyo, kun naɗi Samanja da Kuliya da Magana Jari Ce daga akwati. Kun naɗi bukukuwan sallah da naɗin sarauta da saukar karatu da tarukan wannan ƙungiya. Akwai kasusuwan rediyo na wa'azin malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da na makaɗan yankinmu. Suna nan a cikin kwali a saman sif ko a sito tare da tsofaffin takardu. Mai yiwuwa kwafin da ke gidanka shi kaɗai ya rage a duniya. Lokaci kuma ba ya jira, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta VHS, wato Funai na Japan, ya daina tun 2016. Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti da wakili a kowane reshe, ya karɓi kasusuwa a matsayin aro. A rubuta sunan mai shi da abin da ke ciki da shekarar da aka naɗa, a ba shi shaidar karɓa, a kuma mayar masa da kayansa bayan an kwafa. Muna gargaɗi kada kowa ya yi gaggawar saka tsohon kaset mai funfuna a na'ura, domin yana iya tsinkewa.

Na biyu, a mayar da su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya a Kankia, ɗaya a Kusada, ɗaya a hannun wani reshe na birni. Abin da ya shafi shirye-shiryen gidajen talabijin a sanar da gidan da ya shirya, a ba shi kwafi, domin hakkinsa ne, kada a mayar da shi haja. A kuma tuntuɓi wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos don neman shawarar masana.

Na uku, wayar da ke aljihun kowane matashi a wannan zaure ta fi na'urorin da aka ɗauki Samanja da su kyawun hoto. A ware matasa su zauna da dattawanmu, maza da mata, su ɗauki tarihin unguwanni da kasuwanni da sana'o'i, da yadda ake kalankuwa da tashe a da. A rubuta suna da rana a kan kowane ɗauka. Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da adana sauti da hoto, muna iya ɗaukar wannan rana ta zama ranar da kwamiti zai riƙa ba da rahoto.

Na huɗu, a farfaɗo da gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantun ƙananan hukumomin biyu, ƙungiya ta sa kofi. Mun shekara fiye da 30 a aji, kuma mun ga yaron da ba ya iya ɗaga kai ya amsa tambaya ya zama mai magana a gaban jama'a saboda an ba shi matsayin maigari a wasa. Sharaɗi ɗaya muke so a sa: kowane wasa a rubuta shi, a ɗauke shi, a ajiye.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, mutanen da muka ambata sun yi aiki da rigar aro da bangon katako, a ƙarƙashin fitila mai ƙuna, bayan sun tashi daga wani aikin, kuma sun tarbiyyantar da al'umma guda. Mafi yawansu sun koma ga Mahaliccinsu. Abin da ya rage na aikinsu, da na iyayenmu na Kankia da Kusada, wani ɓangarensa yana cikin kwalayen da ke gidajenku. Rijiya da aji in sun lalace ana sake ginawa in an sami kuɗi. Muryar wanda ya rasu kuwa, in tef ya mutu, babu kuɗin da zai dawo da ita. Muna roƙon duk wanda ya koma gida daga wannan taro ya buɗe kwalin nan kafin damina mai zuwa, ya kuma sanar da sakataren reshensa abin da ya samu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta wa waɗanda suka faranta mana rai suka kuma koya mana zaman duniya. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana.